Shin Ƙwarewa Tana Wanke Caca?

Akwai wani wasa da ya shiga hannun samari a wannan zamani, wanda ba a buga shi da ƙafa, ba a kuwa zuwa fili dominsa. Mutum yana zaune a ɗakinsa ko a gidan kallo, sai ya ɗauki wayarsa ya zaɓi 'yan ƙwallo na gaske daga ƙungiyoyi dabam dabam, ya haɗa su cikin wata ƙagaggiyar ƙungiya wadda babu ita a ko'ina sai a cikin wayar. Sa'ad da 'yan wasan suka fita fili, abin da kowannensu ya yi wa ƙungiyarsa ta gaske sai a juya shi ya zama maki ga mutumin da ya zaɓe shi. Da yake ɗan Adam bai cika son gasa ba tukwici ba, sai aka shigo da kuɗi: abokai kowa ya zuba nasa, wanda ya fi maki ya kwashe. In an ce musu wannan caca ce, amsarsu guda ce, watau wai caca sa'a ce, nasu kuwa ilmi ne da lissafi. Ya kamata a auna wannan amsa da adalci, gama rabinta gaskiya ne.

Asalin wasan daga Amurka yake, a kan irin ƙwallonsu wadda aka fi kamawa da hannu. A shekarar 1962 ne wani mai hannun jari a ƙungiyar Oakland Raiders, sunansa Bill Winkenbach, ya tsara dokokinsa tare da abokansa, suka yi zaɓen farko a 1963. Tsarinsu shi ne a bi layi, kowa ya ɗauki ɗan wasa guda, wanda aka ɗauka kuwa ya fita daga kasuwa; in zagaye ya ƙare sai a juya layin, na ƙarshe ya zama na farko, domin kada a cuci kowa. Amma wanda ya fi yaɗuwa a tsakanin masu kallon ƙwallon Ingila shi ne Fantasy Premier League, wanda aka fara a 2002, kuma masu yinsa suka haura miliyan 11 a kakar 2022/23.

A cikinsa ana ba kowa fam miliyan 100 na ƙarya, ya sayi 'yan wasa 15: masu tsaron gida 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, kuma ba a yarda ya ɗauki fiye da uku daga ƙungiya ɗaya ba. Ɗan gaba in ya ci ƙwallo yana da maki 4, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6. Wanda ya ba da ƙwallo aka ci yana da 3, jan kati kuwa yana zaftare 3. Wanda aka naɗa kyaftin ana ninka makinsa. Duk mako akwai damar canja ɗan wasa guda kyauta, wanda ya wuce iyakarsa a cire masa maki 4 a kan kowane ƙari.

Daga nan mai karatu zai ga inda hankali yake shiga. Kuɗin ba ya isa a sayi manya duka, saboda haka gwaninta ita ce gano mai araha wanda zai yi aikin mai tsada. Wanda ya ɗauki Riyad Mahrez a farkon kakar 2015/16 a kan fam miliyan 5.5, tun jama'a ba su farga da Leicester ba, ya sami ɗan wasan da ya fi kowa maki a wannan kaka. Haka wanda ya amince da Mohamed Salah a kan fam miliyan 9 sa'ad da ya zo Liverpool a 2017, ya ga ya tara maki 303. Mai haɗa ƙungiya ta kirki yana duba jerin wasannin da ke gaba, da wanda yake bugun fenareti, da wanda mai horarwa yake yawan ajiyewa a benci. Abin da ya fi wuya duka shi ne ya danne son zuciyarsa, ya ɗauki ɗan ƙungiyar da yake ƙi in ya cancanta, ya bar na ƙungiyar da yake so in ya lalace. Wannan hali ne mai kyau, da ma masu zaɓen mutane a manyan ayyuka suna da shi. Kuma ba banza ba ne Magnus Carlsen, zakaran duniya na wancan lokaci a wasan shaɗaranji, watau darar Turawa, ya hau matsayi na ɗaya cikin mutum fiye da miliyan 7 a watan Disamba na 2019.

To, ƙwarewa ta tabbata, babu musu. Abin tambaya shi ne ko tabbatarta ta fid da kuɗin daga caca.

Shaɗaranjin nan da aka ambata shi ya fi dacewa a fara da shi. Wasa ne wanda babu ƙuri'a a cikinsa ko kaɗan, babu abin da yake ɓoye, hankali ne tsantsa yake karawa da hankali. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan yinsa ba da kuɗi ba. Imam Shafi'i ya ƙi shi ba tare da ya haramta ba, waɗansu kuwa sun fi tsanantawa. Amma in 'yan wasa biyu suka ajiye kuɗi a kan cewa wanda ya ci ya ɗauka, babu saɓani a kan haramcinsa. Ashe ke nan abin da suka duba shi ne inda kuɗin ya fito da inda zai tafi. Matuƙar kowane mai shiga yana tsakanin ya ci dukiyar ɗan'uwansa ko a ci tasa, sunan abin caca, ko da wanda ya ci ɗin ya kwana yana lissafi.

Cacar da Larabawa suke yi kafin Musulunci, wadda ake kira maisir, ita ma ba ta rasa abin kare kanta ba. Sukan sayi raƙumi su yanka, su kawo kibau goma, bakwai masu rabo, uku babu kome. Waɗanda marasa rabon suka faɗo musu su ne za su biya kuɗin raƙumin. Sau da yawa masu cin ba sa taɓa naman, matalauta ake raba wa, har ana zagin wanda ya ƙi shiga da rowa. Duk da wannan amfani, wanda Suratul Baƙara ta yarda akwai shi, Suratul Ma'ida ta haramta abin tare da giya, ta kuma nuna dalili: yana haifar da gaba da ƙiyayya, yana shagaltarwa daga ambaton Allah da salla.

Wani zai ce ai ciniki ma akwai riba da hasara. Gaskiya ne, amma mai sayar da gero da mai saye suna iya rabuwa kowa ya amfana, wannan da kuɗinsa, wancan da abincinsa. A ce samari 20 sun zuba naira 5,000 kowanne. Dubu ɗarin nan da ɗaya zai ɗauka babu gonar da ta noma ta, babu hajar da ta canja hannu. Ribarsa daidai take da hasarar sauran 19.

Har ma ƙwarewar tana iya ƙara wa abin muni. A Amurka, dokar tarayya ta 2006 da ta matsa wa cacar intanet ta keɓe irin wannan wasa, sai kamfanoni kamar FanDuel da DraftKings suka maishe shi gasar kullum ta kuɗi. Wani bincike da aka buga a 2015 a kan gasar wasan besbol ya nuna cewa kashi 1.3 cikin ɗari na masu shiga su suka kwashe kashi 91 na ribar. Watau 'yan tsirarun gwanaye masu na'urorin lissafi suna cin ɗimbin jama'a waɗanda aka gaya wa cewa ilminsu na ƙwallo zai fisshe su. Mai jefa ƙuri'a ya san sa'a yake nema; wannan kuwa in ya faɗi sai ya ce kuskure ya yi, mako mai zuwa zai gyara, ya sake zubawa. A shekarar nan ta 2015 hukumar caca ta jihar Nevada ta ce abin caca ne mai bukatar lasisi. A Indiya kotuna sun daɗe suna kiran sa wasan ƙwarewa, amma a watan Agusta na 2025 majalisar ƙasar ta hana wasannin intanet na kuɗi gaba ɗaya, ba tare da ta bambanta ƙwarewa da sa'a ba, kamfanin Dream11 ya rufe gasarsa ta kuɗi.

Shiga Fantasy Premier League kanta kyauta ce, babu wanda yake hasarar kwabo, kyautar da ake bayarwa kuma ba daga aljihun masu gasar take fitowa ba. Wannan hukuncinsa dabam ne, ya koma cikin sauran wasanni waɗanda ake auna su da abin da suke ci na lokaci da abin da suke yi wa zuciya. Nan ma akwai abin lura, domin saurayin da ya ji daɗi da aka ɗauke wani ɗan wasa a kan gadon marasa lafiya, don kawai abokin hamayyarsa ne ya naɗa shi kyaftin, ya riga ya manta cewa mutum ne ya ji ciwo.

Game da masu son tukwici kuwa, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya kawo a cikin Risala yadda Imam Malik ya tsara kyautar tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya: mutum ɗaya ne zai fid da kyautar, in wani ya tsere masa ya ɗauka, in kuwa shi ya tsere ba ta komawa aljihunsa. Malamai sun yi saɓani a kan ko wannan rangwame yana wuce waɗannan ukun zuwa wasanni irin na yau, kuma mafi yawansu sun taƙaita shi. Ko a wurin masu faɗaɗawa, siffar da suke yarda da ita ita ce wani wanda ba ya cikin gasar, kamar attajirin unguwa ko babban yaya, ya ajiye riga ko waya ga wanda ya zo na ɗaya, sauran 19 kuma su tashi da kuɗinsu a aljihu.