Waswasin Yaro Da Haƙƙin Da Ke Kan Mahaifinsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda ya halicci ɗan Adam, ya kuma ɗaukaka shi da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, daga cikin jarrabawar da Allah kan yi wa bawansa akwai wadda ba ta da ƙurji ko kumburin da za a nuna wa jama'a. Uba kan ji ɗansa, wanda bai daɗe da balaga ba, yana faɗin abin da zai tayar wa babba tsikar jiki. Yau ya ce zuciyarsa tana nuna masa gawar mahaifiyarsa, gobe ya ce in ya ga wuƙa sai ya ji kamar zai soki ƙanensa, ko kuwa a iske littafinsa na makaranta cike da zanen jini da kaburbura. Uban ya kwana bai runtsa ba, yana tambayar kansa ko yaron ya taɓu ne, ko iska ce, ko sammu, ko kuwa mugun hali ne ya fara tsiro. Kunya ta hana shi gaya wa ko da amininsa, gudun kada a ce akwai hauka a gidan, 'ya'yansa mata su rasa mazan aure.

Abu na farko da ya wajaba irin wannan uba ya sani shi ne, Shari'a ba ta kama mutum da laifin abin da ya ɗarsu a zuciyarsa. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukata suka saƙa, muddin ba a aikata ba, ba a kuma furta shi da nufi ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa waɗansu sahabbai sun kai kuka wurin Manzon Allah (S.A.W.) a kan tunanin da ke zo musu, wanda suke jin nauyin ko ambatonsa. Bai tsawata musu ba. Ya shaida musu cewa wannan alama ce ta tsantsar imani. Imamu Nawawi ya yi sharhi cewa ƙyamar da suka ji da tsoron furta abin, su ne alamar imanin. Saboda haka yaron da ya zo yana kuka don zuciyarsa ta raya masa mugun abu, kukan nan shaida ne cewa ba ya son abin. In har sahabbai sun sami kunnen da ya saurare su, to yaro ya fi cancanta ya samu a wurin mahaifinsa.

Suratu Yusuf ma ta nuna wannan tafarki. Annabi Yusufu yana yaro ya ga mafarki mai ban mamaki, bai kai shi ko'ina ba sai wurin mahaifinsa. Annabi Yakubu ya saurare shi har ya gama, ya kira shi da lafazin ƙauna, sa'an nan ya ba shi shawara. Uban da ya mari ɗansa ranar da ya fara buɗe masa cikinsa, to ya rufe ƙofar da ba lalle ta sake buɗuwa ba, yaron kuwa zai ci gaba da ɗaukar kayansa shi kaɗai.

Bayan sauraro sai rarrabewa, gama al'amarin hawa uku ne. Hawa na farko shi ne ƙirƙire-ƙirƙiren ƙuruciya. Yaro ya ji tatsuniyar dodo, ko ya kalli fim ɗin kashe-kashe a wayar hannu, sai ya riƙa zanawa ko ba da labari. Matuƙar ya san abin ba gaskiya ba ne, yana ci, yana barci, yana wasa da tsaransa, karatunsa bai ja baya ba, to maganinsa lura da abin da yake kallo da yawan hira da shi.

Hawa na biyu shi ne waswasi, watau tunanin da ke afko wa mutum ba da sonsa ba, ya kore shi ya dawo. Sau da yawa yakan haɗu da maimaita alwala, da sake kabbarar harama, da wanke hannu ba iyaka. Malaman fiƙihu sun san wannan hali. Ibn Abi Zaidin Ƙairawani, a cikin Risalar da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya yi hukunci cewa wanda shakka ta aure shi a salla ya yi watsi da ita, ya yi sujada bayan sallama kawai. Hikimar ita ce, biye wa waswasi ƙara masa ƙarfi yake yi. Abu Zaidin Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya keɓe wa waswasi babi a littafinsa na gyaran jiki da rai, ya lissafta shi cikin cututtuka masu magani, ya kuma hori mai fama da shi ya guji kaɗaici da zaman banza. Likitocin zamani sun tafi a kan haka, kuma suna da magani da horon da ke sauƙaƙa shi.

Hawa na uku shi ne wanda ba ya son jinkiri. In yaro ya ce yana jin muryoyi suna ba shi umurni, ko ya gaskata cewa ana bin sa za a kashe shi, ko ya ƙaurace wa mutane, ya daina wanka, ya kwana biyu ko uku ba barci, ko ya fara zancen kashe kansa ko cutar da wani, to a kai shi asibiti a ranar. Kafin nan a kawar da wuƙa da igiya da fiya-fiya daga inda yake, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Uba ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa, domin tambayar ba ta cusa wa yaro tunanin, sai dai ta ba shi damar magana. Dalilan wannan hali suna da yawa: zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, farfaɗiya, shan wiwi da tiramol da kodin, ko firgitar yaron da ya ga an yi kisa a gabansa. Likita ne zai iya tantance su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin rabin cututtukan hankali kan fara ne tun yaro bai wuce shekara 14 ba, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Waɗansu na ganin zuwa asibiti rauni ne ga tawakkali. Wannan kuskure ne. Buhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani, Tirmizi kuma ya ruwaito cewa an umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Musulmin farko sun fahimci haka, har asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. A Arewacin Nijeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Ruƙiyya da Alƙur'ani, da Falaƙi da Nasi, da zikirin safe da maraice, duk sunna ce, a lazimce su tare da maganin likita, gama babu karo a tsakaninsu.

Abin da Shari'a ta haramta shi ne duka da mari da horon yunwa da sunan fitar da aljani. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma akwai waɗanda iyayensu ne suka kai su da zaton gyara. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya. Tun kafin ta, hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya nuna an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya warke. Wanda Ubangijinsa ya ɗauke wa hisabi, ba ya halatta bawa ya yi masa bulala.

Ɗa amana ne, kuma za a tambayi kowane uba game da kiwon da aka ba shi. Ranar nan, tsoron bakin mutane ba zai zama uzuri ba.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba iyayensu haƙuri da basira, ya tsare zuriyar Musulmi daga sharrin waswasi. Amin.