Ba a Jin Kira da Kunnen Aro

Akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin Kiristoci masu jin Hausa a wannan zamani. Ana yi wa fasto ita bayan an tashi sujada, ana kuma yi wa mai addu'a ita ta waya da tsakar dare: "Baba, me Ubangiji ya ce a kaina?" Budurwar da manema biyu suka tsaya a ƙofar gidansu tana yin ta. Saurayin da ya gama bautar ƙasa, ya rasa ko ya koma gona ko ya nufi birni, shi ma yana yin ta, haka uwar da ɗanta ya daɗe a kwance. Ba na raina ko ɗayansu, domin wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Abin da nake so in auna shi ne zaton da ke kwance a ƙarƙashin tambayar, wato Allah yana da magana da ni, amma sai ta bi ta kunnen wani kafin ta iso gare ni.

Wannan zato yana da tushe a tarbiyyarmu. Mun taso mun tarar ba a shiga gaban sarki sai an yi wa mutum iso, yaro kuma ba ya tsallake babba ya kai kukansa sama. Sai muka ɗauki tsarin fada muka ɗora wa addu'a, muka sa fasto a matsayin mai iso. Amma koyarwar da muke furtawa kowace Lahadi ta saɓa wa hakan. Marubutan Bishara sun ba da labarin cewa labulen Haikali, wanda ya raba jama'a da wuri mafi tsarki, ya tsage daga sama har ƙasa sa'ad da Yesu ya mutu. Ikilisiya ta fahimci wannan a matsayin buɗe ƙofa ga kowane mai bi. In haka ne, mai neman sabon mai iso yana ɗinke labulen da aka riga aka tsaga ne da hannunsa.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi na farko ɓoyuwa. Sauraro yana da nauyi. Lokacin da Isra'ilawa suka tsaya a gindin Dutsen Sina'i, suka ga hayaƙi suka ji tsawa, roƙon Musa suka yi ya je ya ji ya dawo ya faɗa musu. Wanda ya ji da kunnensa ba shi da wurin fakewa, dole ya amsa. Wanda aka jiyo masa kuwa yana da sauran hanyar zillewa: in auren ya lalace, annabi ne ya ce, in cinikin ya karye, mai addu'a ne bai gani da kyau ba. A ganina, sau da yawa abin da muke kira tawali'u a nan gudun alhaki ne.

Littafin Sarakuna na Fari ya ba da wani labari da ya nuna cewa alhakin ba ya guduwa. An aiki wani mutumin Allah daga Yahuza zuwa Betel a zamanin sarki Yerobowam, aka umarce shi kada ya ci, kada ya sha a can, kada kuma ya koma ta hanyar da ya zo. Ya isar da saƙonsa. Sarki da kansa ya gayyace shi gida da alkawarin kyauta, ya ƙi. Yana kan hanyar komawa sai wani tsohon annabi na garin ya bi shi a kan jaki, ya same shi zaune a gindin itace, ya ce masa shi ma annabi ne, mala'ika kuma ya gaya masa ya komo da shi ya ci abinci. Ƙarya yake yi. Mutumin ya bi shi, ya ci, ya sha, da ya kama hanya zaki ya kashe shi.

Abin da ke tsayar da ni a wannan labari shi ne wanda ya yi nasara a kansa. Sarki da dukiyarsa bai iya ba. Dattijo mai furfura, mai magana da harshen ibada, shi ya iya. Mutumin yana riƙe da maganar da ya ji da kansa, ya sake ta ya kama wadda aka ce an ji dominsa. Hukuncin kuma a kansa ya sauka, tsohon da ya yaudare shi kuwa shi ya ɗauko gawar ya binne yana kuka. Kayan aro ba ya rufe katara, haka kunnen aro ba ya ɗauke wa mutum amsa tambaya a kan ransa.

Kada a ɗauka wannan tsohon zance ne. A shekarar 2023, a dajin Shakahola da ke kusa da Malindi a ƙasar Kenya, hukumomi sun tono gawawwaki fiye da 400 na mabiyan wani mai wa'azi da aka zarga da umartar su su yi azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu. Da yawa daga cikinsu yara ne. Iyayen nan ba ƙin 'ya'yansu suka yi ba. Sun miƙa kunnensu ga mutum ɗaya, har ta kai kukan ɗansu na yunwa bai fi ƙarfin muryarsa ba.

Sai dai a nan ne mai adawa da ni zai tare ni, kuma da gaskiyarsa. Zai ce ai masu ɓatar da mutane irin wannan su ma cewa suke yi sun ji Allah da kansu. In an ce kowa ya ji da kunnensa, ashe ba an mayar da kowa annabin kansa ba ke nan? Zuciya ma tana iya ƙarya, ta fi kowane tsohon annabi iya kwaikwayon murya, domin ta san abin da muke so mu ji. Saurayin da ido ya rufe masa a kan yarinya ba zai sha wuyar yin mafarki da ita ba. Ga kuma abin da magabata suka faɗa, cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Na yarda da duk wannan. Amma abin da ya tabbatar shi ne ji yana bukatar gwaji, kuma gwajin ma aikin mai ji ne. Mutanen Biriya, da Bulus ya yi musu wa'azi, sun riƙa bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da ya faɗa haka yake, aka kuwa yabe su a kan hakan. In an gwada maganar manzo, wace murya ce ta fi ƙarfin gwaji, tawa ko ta fasto? Mu ba mu da hujjar rashin ma'auni. Tun shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya ba da shekaru masu yawa a kansa. Duk muryar da ta ce in wulaƙanta iyayena, ko in hana marar lafiya magani, ko in sayi albarka da kuɗi, ina da abin auna ta a cikin harshen da na sha a nono.

Ma'auni na biyu lokaci ne. Ignatiyus na Loyola, sojan Sifaniya da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521, ya lura da wani abu yana kwance yana jinya. In ya yi tunanin suna da ɗaukakar duniya, yakan ji daɗi a lokacin, daga baya zuciyarsa ta bushe. In ya yi tunanin bauta wa Allah, kwanciyar ran takan zauna bayan tunanin ya wuce. Wannan gwaji ba wanda zai iya yi wa wani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Muryar da ke gaggauta mutum, tana tsorata shi, tana hana shi kwana a kan magana, ta cancanci tuhuma ko daga wane baki ta fito.

To, ina matsayin dattawa? Ina ganin Eli ya nuna shi. Yaro Sama'ila yana kwance a Shilo ya ji ana kiransa, ya ruga wurin Eli har sau uku, yana zaton shi ne. Tsohon firist ɗin, wanda idonsa ya riga ya dushe, ya gane wanda ke kira. Da ya so, da ya ce wa yaron ya zauna shi zai jiyo masa. Sai ya koya masa yadda ake amsawa, ya mayar da shi shimfiɗarsa shi kaɗai. Saƙon da yaron ya ji hukunci ne a kan gidan Eli kansa, amma da safe ya nemi a faɗa masa duka, ya kuma karɓa. Wannan shi ne uba na gari a cikin bangaskiya: yana gane abin da yaro bai gane ba, yana gyara masa kunne, sa'an nan ya kauce daga hanya. Da wannan nake bambance makiyayi da ɗan kasuwa. Wanda ya yi shekara goma yana zuwa wurin mutum, har yanzu bai iya durƙusawa shi kaɗai ya yanke shawara ba, ya kamata ya tambayi kansa wa ke cin ribar rashin iyawarsa.

Saura abu mafi wuya, wato shiru. Mutum yakan yi addu'a wata da watanni bai ji komai ba, a nan ne ƙafa kan ja shi zuwa inda ake ba da amsa nan take. Sarki Saul ma da bai sami amsa ba, wurin mai duba ya nufa da dare a Endor, bai kuwa dawo da salama ba. Ni dai na fi gaskata cewa shirun ma tarbiyya ne. Allah da ya ba mutum hankali da lamiri da Kalmarsa, wani lokaci yakan bar shi ya zaɓa, kamar yadda uba kan saki hannun yaro don ya koyi tafiya. Zan ci gaba da kai damuwata wurin dattawan ikilisiya, in saurari abin da suka hango, in bar su su tsawata mini in na karkace. Bayan sun gama, zan koma ɗaki in rufe ƙofa, domin sunana aka kira, bakina kuma ake jira ya amsa.