Garin da ba za ka sake komawa ba, yana da haƙƙi a kanka?

Akwai wata irin tafiya da samarin Turai suka saba yi lokacin hutu, wadda yanzu 'ya'yanmu masu karatu a can su ma suka fara sha'awarta. Yaro zai cusa kayansa kaf cikin jaka ɗaya, ya goya ta a baya, ya sayi tikitin jirgin ƙasa, ya dinga sauka daga wannan birni zuwa wancan. Tikitin da ake kira Interrail tun 1972 aka fito da shi, kuma da wasu ƙasashen Turai suka daina binciken fasfo a iyakokin junansu a 1995, abin ya ƙara sauƙi. Daga Faris zuwa Burasel bai kai awa ɗaya da rabi ba, daga nan zuwa Amsterdam kamar awa biyu. Kwana kuwa a masaukin matasa mai araha, mutum shida ko takwas a ɗaki ɗaya. Kwana biyu nan, kwana biyu can, hutu ya ƙare.

Ganin duniya ba laifi ba ne, ai tafiya mabuɗin ilimi ce. Ibn Battuta ya bar Tanja a 1325, ya yi kusan shekara talatin yana yawo, har yau ana amfana da abin da ya gani. Tambayarmu daban ce. Mutumin da ya san jibi zai tashi, ba wanda ya san sunan mahaifinsa, kuma ba zai sake taka garin ba, shin garin nan yana bin sa wani haƙƙi?

Ba tambayar zaman hira ba ce, don biranen da ake ziyarta sun fara kokawa. A 2023 hukumar birnin Amsterdam ta yi talla musamman tana ce wa samarin Ingila masu zuwa shaye-shaye da hayaniya su yi zamansu a gida. A shekarar ce kuma aka ɗauki hoton wani baƙo yana sassaƙa suna a bangon Kolosiyam na birnin Rum, ginin da ya kusa shekara dubu biyu. A 2024 birnin Benis ya fara karɓar Yuro 5 daga masu shigowa yini ɗaya a wasu ranaku, mutanen Basalona kuma suka fito zanga-zanga suna fesa wa baƙi ruwa, suna kukan cewa gidajen haya sun koma masaukin 'yan yawon buɗe ido, ɗan gari ya rasa inda zai zauna.

Wani zai ce: to ai na biya kuɗina, garin ma yana cin riba da ni. Gaskiya ne, kuma ba dukkan mai goyon jaka ne mai ɓarna ba, da yawansu yara ne masu ladabi. Amma kuɗin gado fa gado ya saya. Bai sayi barcin tsohuwar da ke maƙwabtaka da masaukin ba, bai sayi bangon da kakannin wasu suka gina ba.

Mu mutanen Sabo mun fi kowa sanin wannan magana, tunda jikokin matafiya ne mu. Fataken goro da na shanu da suka kafa unguwannin nan sun yi shekara da shekaru suna ba juna bashin kaya ba takarda. Me ya riƙe amanar? Abu biyu: mai masaukin da ya tsaya wa baƙo, da kuma sanin cewa baɗi za a sake haɗuwa. Wanda ya ci amana a Ibadan, labarinsa zai riga shi isa Kano. To shi mai goyon jaka an kwance masa igiyoyin nan duka biyu: ba mai tsaya masa, ba komowa. Abin da ya rage masa halinsa ne kawai. A nan ake gane ko kirkin mutum nasa ne, ko kuwa tsoron idon jama'a ne ya ara masa.

Shi ya sa muke cewa e, garin yana da haƙƙi a kanka, kuma ba komowarka ce ta haifar da haƙƙin ba. Ruwan da ka sha, hanyar da ka bi cikin aminci, wanda ya nuna maka tasha, duk wahalar wasu ce ka tarar. Ban da haka, duk abin da ka shuka, baƙon da zai zo bayanka ne zai girba. Wa ya fi mu sanin yadda laifin mutum ɗaya kan zama "Hausawa sun yi"?

Maganar kuma kaifi biyu gare ta. Ɗan kasuwar da ya ga matafiyi ya sauko daga mota, ya san ba zai dawo ba, sai ya ninka masa farashi ko ya tura masa ruɓaɓɓen kaya, shi da mai sassaƙa bango tafiyarsu ɗaya. Dukansu sun auna cewa ba gobe tsakaninsu da wanda suka cuta.

Don haka in yaro ya bugo waya ya ce zai zaga birane da hutu, kada a tsaya kan nawa zai kashe kawai. A ce masa ya koyi gaisuwar mutanen garin, ya rage murya da dare, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum, ya bar ɗaki yadda zai so ya same shi. In ya dawo kuma, bayan an ji birane nawa ya gani, a tambaye shi yadda ya rabu da mutanensu.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya.