Madannin da Aka Ɓoye a Gindi

A cikin nau'o'in sigarin lantarki akwai wani da babu komai a cikinsa sai batir. Bututu ne na tagulla ko jan ƙarfe, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. A kansa akwai siririyar waya nannaɗe, da auduga jiƙe da ruwan nikotin. A cikinsa batirin litiyom guda, yawanci wanda ake kira 18650, mai faɗin milimita 18 da tsawon milimita 65. Idan aka danna madanninsa, ƙarfe ya taɓa gindin batir, wuta ta bi jikin bututun ta isa waya, waya ta yi zafi, ruwan ya zama tururi.

Tun bayan da Hon Lik, wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, ya fito da sigarin lantarki na zamani a 2003, yawancin waɗanda ake ƙerawa suna da 'yar ƙwaƙwalwa mai tsaro. Da yawansu sai an danna sau biyar a jere suke kunnuwa, in kuwa dannawa ta kai kamar daƙiƙa goma, su yanke wuta da kansu. Shi wannan bututun ba shi da mai tsawatar masa. Muddin madanni na danne, wuta na gudu, har batir ya ƙare ko ya ɗau zafin da zai fashe.

Shi ya sa maƙeransa suka ba wa mazaunin madanni muhimmanci. Galibi a gindi suke sa shi, su nutsar da shi cikin ɗan rami, yadda ko an tsayar da bututun a kan tebur nauyinsa ba zai danna shi ba. Wasu su ƙara zoben da ake murzawa ya kulle shi. Su sa sifirin ko maganaɗisu biyu masu ture juna, domin da zarar yatsa ya ɗaga madannin ya koma. Sannan su huda ƙananan ƙofofi a jikin bututun, in batir ya fara fitar da iska mai zafi ta samu mafita.

Abin lura shi ne, duk wannan dabara ba don lokacin sha aka yi ta ba. Mai riƙe da abin a hannu ya san abin da yake yi. An yi ta ne don lokacin da ya manta da shi. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙidaya fashewa da gobara 195 na sigarin lantarki daga 2009 zuwa ƙarshen 2016, kuma 61 daga ciki sun faru ne a aljihu, inda na'urar ko batirinta ke kwance, wani lokaci tare da makulli da tsabar kuɗi. Mutumin Baudeta da ya taɓa cusa tocila a aljihu ya kama hanyar Tasawa, dare ya yi ya tarar ta kunna kanta batir ya mutu, ya san wannan dannawa da ba a yi niyyarta ba. Tocila duhu kawai take barin mai ita a ciki, wannan kuwa ƙone cinya yake yi.

Wanda ya dubi halittar ɗan'adam zai ga tsarin ya riga maƙeran. Ido yana cikin rami, ga marfi, ga ƙashin gira ya yi masa rumfa. Zuciya tana bayan haƙarƙari. Harshe, wanda ya fi kowace gaɓa saurin tayar da gobara, an ajiye shi bayan haƙora, aka kuma rufe da leɓɓa. Duk abin da taɓa shi ke da tsada, Mahalicci bai bar shi a bakin hanya ba.

Sai dai akwai madannin da aka bar wa mutum ya zaɓa masa wuri da kansa, wato na fushinsa. Wani nasa a waje yake, ya yi tudu. Ɗan acaɓa ya gifta shi, ya kunnu. Abinci ya yi jinkiri, ya kunnu. Yaro ya zubar da ruwa, ya kunnu. Ba wanda ya nufe shi da sharri, gogayyar zaman tare ce kawai, amma sai ka ji saki ya fita, ko zumuncin shekaru ya tsinke a kan iyakar gona. Wani kuma nasa a nutse yake, sai an kai hannu da gangan, kuma ko an kai, akwai zoben da zai murza: ya yi shiru, ya zauna in a tsaye yake, ya tashi ya yi alwala.

Akwai kuma wanda ya kulle madanni sarai amma bai huda ƙofa ba. Yana haɗiye ɓacin rai shekara da shekaru, ba ya faɗa wa amini, ba ya kai ƙara wurin manya, har ranar da zai tarwatse a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Mutane kan ce, "Haka Allah Ya yi ni, ina da zafin rai." Zafin ba laifi ba ne, da shi ake noma, da shi ake tsare mutunci. Inda aka ɗora madanninsa, da ko an yi masa makulli da mafita, wannan aikin mai shi ne, kuma a ranar da rai ke kwance ake yin sa.