Bayan Garinmu Ƙofar Gidan Wani Ne

Kowace safiya a Tudun Ƙofa, kamar sauran unguwannin Keffi, akwai ayyuka biyu da ake yi kafin yara su tafi makaranta. Na fari a ɗebo ruwa, ko daga rijiyar gida, ko daga burtsatse, ko a saya wurin mai garuwa. Na biyu a share tsakar gida, a ba yaro shara ya kai juji. Yawancinmu ba mu taɓa zama mun yi tunanin cewa ayyukan nan biyu suna da dangantaka ba. Amma suna da ita, gama abin da yaro ya zubar yau yana iya komowa cikin gugan da mahaifiyarsa za ta ja bayan 'yan shekaru.

Garinmu yana girma. Tun da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, aka kafa Jihar Nasarawa a 1996, aka kuma buɗe jami'ar jiha a Keffi a farkon shekarun 2000, jama'a sai ƙaruwa suke yi daga Mararaba da Masaka har zuwa nan. Inda mutane suka yi yawa kuwa, shara takan yi yawa, kuma duk garin da ya kai wannan matsayi dole ya nemi babban fili inda motoci za su riƙa juye ta. A ce wata rana an nuna fili kusa da unguwarmu, mai yiwuwa za mu tashi gaba ɗaya mu ce ba mu yarda ba, domin muna tsoron rijiyoyinmu. Tambayar da nake so mu duba tare, ya mai karatu, ita ce: wannan ƙin adalci ne, ko kuwa son kai ne ya yafa rigar adalci?

Yadda juji yake isa rijiya

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san ko tsoron yana da tushe. Sa'ad da ruwan damina ya sauka a kan tarin shara, yakan ratsa ta ya wanko duk abin da ke ciki: ruɓaɓɓen abinci, kashin mutum da na dabba, ragowar magunguna, baƙin mai, fenti, da tsofaffin batura masu ɗauke da dalma. Daga ƙasan jujin sai wani baƙin ruwa mai ɗoyi ya fito, ya nutse cikin ƙasa a hankali. Ƙasar Keffi tana zaune a kan tsohon dutse mai tauri. Ruwan da muke samu yana kwance ne a cikin ɓangaren dutsen da ya narke ya zama ƙasa, da kuma cikin tsagogin dutsen. Rijiyar da aka haƙa da hannu daga saman wannan ruwa take sha, shi ne kuwa ruwan juji yake fara tararwa.

Ƙwayoyin cutar amai da gudawa da na taifot ana iya kashe su da tafasa ruwa. Dalma kuwa tafasa ba ta cire ta, ba ta da launi a cikin ruwa, ba ta da wari, kuma yara ƙanana ta fi yi wa ɓarna, gama tana taɓa ƙwaƙwalwarsu. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka mutu saboda dalmar da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Can ba juji ne sanadi ba, amma gubar ɗaya ce. Abu na ƙarshe kuma, ruwan rafi in ya ƙazantu, damina mai zuwa tana iya wanke shi, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa tafiyar hawainiya yake yi. In ya lalace, yana iya ɗaukar shekaru masu yawa bai gyaru ba.

Abin da ya sami waɗansu

Ba sai mun yi nisa ba. A Mpape, cikin Abuja, an mai da tsohon ramin fasa dutse ya zama jujin birni na tsawon shekaru, har aka rufe shi a 2005 bayan ya cika, mazauna wurin kuma suna ta kuka da hayaƙi da ƙazamin ruwan da ke fitowa daga cikinsa. A Kano, kududdufai da yawa waɗanda aka haƙa don ɗibar ƙasar gini sun zama wuraren zubar da shara a tsakiyar gidajen mutane. A wuraren nan duka, an zaɓi ramin ne domin yana nan a buɗe, ba domin an auna inda ruwansa zai bi ba.

Amma labarin da ya fi dacewa da tambayarmu daga Amurka ya fito. A 1978 waɗansu suka bi dare suna zubar da man taransifoma mai guba a gefen hanyoyin Jihar Karolina ta Arewa, tsawon kimanin mil 240. Gwamnatin jihar ta ƙudura ta kwashe ƙasar da ta gurɓata ta binne a wuri ɗaya, sai ta zaɓi ƙauyen Afton a gundumar Warren, yankin talakawa, yawancinsu baƙar fata, masu shan ruwan rijiya. Mutanen suka ce ruwansu yana kusa da saman ƙasa, ba a saurare su ba. A 1982 da manyan motoci suka fara isowa, sai jama'a suka riƙa taruwa a majami'a, su fita su kwanta a kan hanya. Cikin makonni shida aka kama mutum fiye da 500. Ba su hana aikin ba. Daga baya aka tarar ruwa mai yawa ya taru a cikin ramin, gwamnati ta kashe wajen dala miliyan 18 don kawar da gubar, ba a gama ba sai 2003. A 1987 kuma wata ɗarika, United Church of Christ, ta fitar da bincike da ya nuna cewa wuraren zubar da guba a Amurka sun fi yawa a yankunan da ba fararen fata ke zaune ba.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. Darasin ɗaya ne ko'ina: shara takan gangara zuwa inda murya ba ta da ƙarfi.

Zargin da ake yi wa masu ƙi

Duk da haka, kada mu yi saurin wanke kanmu. Akwai magana mai nauyi da ake faɗa wa masu ƙin juji, ya kamata mu ji ta da kunnen basira. Ana cewa: sharar nan daga gidajenku ta fito. Ku ne kuke shan ruwan leda ku yar, ku ne kuke saye a kasuwa a ƙulla muku a baƙar leda. Kowa yana so mota ta zo ta kwashe, amma ba wanda yake so ta juye kusa da shi. In kowace unguwa ta ƙi, sharar ba za ta ɓace ba. Za ta koma cikin kwata, ta toshe magudanan ruwa, ta gangara rafin Antau, a ƙone saura yara su shaƙi hayaƙin. Juji ɗaya da aka tsara da kyau ya fi ƙananan jujaye ɗari da ba mai kula da su. Ashe mai ƙin babban juji yana iya zama shi ne yake tsawaita ƙazantar da yake kuka da ita.

Wannan gaskiya ce, ba kuwa za mu guje mata ba. Zaman gari ya ƙunshi ɗaukar nauyin juna. Wani yana haƙuri da ƙarar tasha, wani da warin mahauta, wani an ɗauki gonarsa an yi hanya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ma ta ba gwamna ikon karɓar fili saboda amfanin jama'a. Wanda bai yarda ya ɗauki kome don gari ba, bai san ma'anar maƙwabtaka ba.

Inda masu ƙi suke da gaskiya

Sai dai akwai bambanci tsakanin nauyin da mutum zai iya ɗauka da abin da ba shi da ikon bayarwa. Ina iya haƙuri da wari, ina iya yarda darajar filina ta ragu, gama waɗannan nawa ne. Ruwan da ke ƙarƙashin unguwa kuwa ba nawa ba ne. Na jaririn da ake goyo ne, na gwauruwar da ba ta da kuɗin ruwan gora ne, na jikokin da ba a haifa ba tukuna ne. Ba ɗaya daga cikinsu da zai halarci taron da za a yanke shawara. In mai hali ya ga rijiyarsa ta lalace, zai haƙa burtsatse mai zurfi ko ya ƙaura. Matalauci zai ci gaba da sha. Saboda haka iyayen da suka tsaya a kan rijiya ba lalle son kai suke yi ba. Sau da yawa suna magana ne a madadin waɗanda ba su da baki.

A cikin Farawa sura 26 an ba da labarin yadda Filistiyawa suka cika rijiyoyin da bayin Ibrahim suka haƙa da ƙasa, Ishaku kuma ya sāke tone su. Tun zamanin dā, lalata rijiyar mutum daidai yake da ce masa ya tashi ya bar ƙasar. Juji marar kariya yana yin aikin nan a ɓoye, ba tare da kowa ya ɗauki fartanya ba.

Doka ma tana tare da mai tambaya. Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin kiyaye ruwa da iska da ƙasa. Doka ta 86 ta 1992 ta ce a auna illar manyan ayyuka irin wannan ga muhalli kafin a fara, a kuma ba jama'a dama su faɗi ra'ayinsu. Tun 2007 akwai hukumar NESREA mai sa ido a kan bin dokokin muhalli. Wanda ya nemi a nuna masa sakamakon binciken, ba tayar da zaune tsaye yake yi ba. Yana da hakkin ya tambaya: an shimfiɗa yumɓu da roba mai kauri a ƙasan ramin? An sa bututun da zai tattara baƙin ruwan a tace shi? Za a riƙa rufe sharar da ƙasa kowace rana? An haƙa rijiyoyin gwaji a kewaye, wa kuma zai riƙa karanta wa jama'a sakamakon? In kuɗin aikin ya ƙare bayan shekara biyar, wa zai ci gaba da kulawa? In babu amsa, abin da ake shirin yi juji ne kawai aka canja masa suna.

Bashin da ke kan wanda ya ƙi

Ga inda maganar ta fi taɓa lamirinmu. A ce mun ƙi, an ji kukanmu, motoci sun juya. Ina suka nufa? A Maimaitawar Shari'a sura 23 an umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango don ƙazanta, su kuma binne ta. A jeji wannan yana da sauƙi, gama ba kowa a bayan zangon. Yau kuwa bayan garinmu ƙofar gidan wani ne. Can akwai ƙauye mai rijiya ɗaya tak, akwai rugar Fulani, akwai manomi mai lambu a fadama. Ba su da lauya, ba su da ɗan jarida, ba su da ɗa a ofis. In muka yi murna domin juji ya bar unguwarmu ya sauka a kansu, to, abin da aka yi wa mutanen Afton mu ma shi muka yi. Sunayen unguwanninmu kansu suna yi mana gargaɗi: akwai Tudun Ƙofa, akwai Gangaren Tudu. Abin da aka zubar a tudu, a gangare ake shan sa.

A nan ne za a gane ko ƙin da muka yi na adalci ne. Mai son kai yakan ce kada a kawo nan, ya koma gida ya rufe ƙofa. Mai adalci yakan ce kada a zuba a kan ruwan kowa, sa'an nan ya bi maganar har ya ga inda aka kai. Yakan halarci taron ƙauyen da abin ya koma wa, ko da yarensu da addininsu dabam da nasa, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san iyakar unguwa ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Wanda ya ƙi juji kuma ya ɗauki alkawarin rage shararsa. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗibar sharar birni a kan jakuna zuwa gona, domin a dā toka ce da ɓawo da kashin dabbobi, wato taki. Leda da batir da kwalba ne suka ɓata ta. Kowane gida yana iya ware abin da ke ruɓewa ya mai da shi taki, ya tara ƙarfe da roba ya ba 'yan jari-bola, ya ajiye tsohon batir dabam kada ya shiga wuta ko rami. Uwa tana iya zuwa kasuwa da jakarta. A gina wa rijiya baki da murfi, a nisanta ta da masai. In hukuma ta sa kuɗin kwasar shara bisa ƙa'ida, a biya, gama juji mai kariya yana cin kuɗi, kuma ba daidai ba ne mu nemi tsabta mu ƙi biyan tamaninta. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa suna iya fara waɗannan a harabar ekklesiya kafin su yi wa kowa magana.

Saboda haka, 'yan'uwa, in ranar ta zo, mu tsaya a kan rijiyarmu ba tare da kunya ba, cikin ladabi da bin doka. Amma mu riƙe tambaya ta biyu a bakinmu har sai an amsa ta: in ba nan ba, ina, kuma wa yake shan ruwa a can? Gobe da safe kuma, in ka miƙa wa ɗanka kwandon shara, ka duba abin da ke ciki kafin ya fita da shi.