Kada Tsoro Ya Riƙe Ma'auni

Karatu: Markus 5:1-20, Littafin Ƙidaya 35:9-28

Yau muna da tambaya mai nauyi. Idan mai taɓin hankali ya ji wa wani rauni, ko ma ya yi kisa, wane irin tsaro ya kamata a yi masa? A ɗaure shi har mutuwa, ko a sake shi tunda ba ya cikin hayyacinsa?

A nan Gadarif, gabashin Sudan, inda jikokin alhazan ƙasar Hausa suke noman dawa da riɗi, tambayar ta iso ƙofar gida. Dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ba ta ɗora laifi a kan wanda hauka ya hana shi sanin abin da yake yi ba, amma ta ba alƙali ikon tura shi wurin jinya. Kafin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, akan kai irin waɗannan mutane asibiti na musamman a Kobar, cikin Khartum Bahri. Yaƙin ya rufe asibitoci da yawa a Khartum, jama'a suka yi ta gudowa Gadarif, har da marasa lafiyar da maganinsu ya yanke. Nauyin ya koma kan iyali, abin da ya fi kusa da hannun iyali kuwa shi ne mari da kwaɗo.

Ka dubi mutumin ƙasar Garasinawa. Mutanen garinsu sun sha ɗaure shi da sarƙa da mari, yana tsinkewa. Ba mu ce kowane ciwon hankali aikin aljanu ne ba, da yawa ciwo ne da likita yake yi wa magani. Amma ka lura da abu ɗaya: sarƙar ba ta warkar da shi ba, ba ta kuwa kawar da tsoronsu ba. Yesu ya tsaya gabansa, ya yi magana, ya tambayi suna. Da mutumin ya dawo cikin hankalinsa, Ubangiji ya aike shi gida wurin danginsa.

To, sakin mutum haka kawai shi ne ƙauna? A'a, ɗan'uwa. Wanda aka sara yana da jini, maƙwabta suna da 'ya'ya, su ma Allah ya yi su cikin kamanninsa. Ka tuna da biranen mafaka shida da Allah ya umarci Musa a keɓe. Wanda ya yi kisa ba da niyya ba yakan gudu can, taron jama'a su bincika maganarsa. Idan an tabbatar ba ganganci, sai ya zauna cikin birnin, kada ya ƙetare iyaka. Iyakar nan ta kāre shi daga mai ramuwa, ta kuma nuna cewa jinin mamaci ba banza ba ne. Zaman yana da ƙarshe, wato ranar da babban firist ya rasu. Ga bincike, ga iyaka, ga ranar komawa gida.

Likitocin da suke wannan aiki a yau suna bin hanya mai kama da haka. A Ingila, inda aka buɗe asibitin Broadmoor a 1863, an kasa tsaro mataki uku: mai tsanani, matsakaici, da mai sauƙi. Kafin a ajiye mutum, sai a auna. Yaya girman ɓarnar da ya yi? Ciwon ne ya jawo ta, ko ƙwaya da giya? Ya taɓa gudu? Yana karɓar magani? Akwai wanda yake hari har yanzu? Suna kuma koyar da cewa tsaro iri uku ne: katanga da ƙofa, ƙa'idodin gidan, da sanin mutumin kansa. Ma'aikacin jinya da ya san majinyacinsa yakan ga alama tun kafin abu ya faru. Dokarsu ita ce kada a tsananta fiye da yadda hatsarin ya kai, a riƙa sake dubawa, idan ya samu sauƙi a sassauta.

Littafin Karin Magana ya koya mana cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba. Mukan ɗauka maganar mudu ce a kasuwar riɗi kaɗai, amma akwai ma'aunin da muke auna mutane da shi. Idan tsoro ko kunyar idon jama'a ya riƙe shi, za ka ɗaure mutum shekara goma saboda abin da ya yi rana ɗaya. Idan sakaci ya riƙe shi, za ka bar wuƙa kusa da wanda muryoyi suke damunsa. Duka biyu zalunci ne. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa ana ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Yawancin masu ɗaurewar ba mugaye ba ne, gajiyayyu ne da ba su sami mataimaki ba.

Saboda haka, idan akwai irin wannan majinyaci a gidanku ko a ikkilisiyarku, ku kai shi wurin likita, ku faɗi gaskiyar abin da ya aikata, kada ku rage, kada ku ƙara. Ku kawar da makami. Ku yi karo-karo don magani. Ku ziyarci iyalin wanda aka cuta. Ku riƙa kiransa da sunansa, kuna yi masa addu'a. Idan kuwa yau yana bayan ƙofa a kulle, wa ya sa ranar da za a sake duba maganarsa?

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu hikimar auna ɗan'uwanmu da gaskiya. Ka kiyaye waɗanda suke cikin hatsari, ka warkar da waɗanda hankalinsu ya rikice, ka ƙarfafa masu jinyarsu, ka kawo salama a ƙasar Sudan. A cikin sunan Yesu, Amin.