Tashin Tsoho Daga Tabarma

Duk gidan da ke da tsoho ko tsohuwa an san wannan tashin. An idar da salla, an shafa addu'a, sai ya karkata gefe, ya kafa tafin hannu a ƙasa, ya dogara da gwiwa ɗaya, ya miƙa ɗaya hannun yana laluben bango. In ya miƙe ma ba ya ɗaga ƙafa nan take, sai ya ɗan tsaya jiri ya sake shi. Mu da ke kallo mukan ce, "Sannu Baba, tsufa ne," mu wuce. Ba kowa ke lura ba cewa bara hannu ɗaya ya ishe shi, bana kuwa sai da biyu. Ƙafar ce ke yin sanyi a gaban idonmu, kuma tun kafin a faɗi take ba da sanarwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke rasa rai kowace shekara ta dalilin faɗuwa. Cikin haɗurra, haɗarin hanya ne kaɗai ya fi ta kisa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa cikin mamatan. Wanda ya tsira ma da sauran aiki. Tsohon da ya karye a ƙugu, ko da ƙashin ya haɗe, da wuya ya koma yadda yake, domin doguwar kwanciya na cinye naman ƙafa, tana jawo gyambon baya da ciwon huhu.

Tsayuwar mutum kamar zaman tukunya ne a kan duwatsun murhu uku. Ido yana nuna masa inda ƙasa take. Can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya karkata. Tafin ƙafa da gaɓoɓi kuma su ke jin ko tudu aka taka ko kwari. Jiki kan lallaɓa da biyu in ɗaya ya gaza, shi ya sa matsalar ke daɗewa ba a gane ba. Ɗauki mai ciwon suga wanda jijiyoyin ƙafarsa suka mutu, har silifas ya fice masa bai sani ba. Da rana ido ne ke riƙe da shi. Sai cikin dare fitsari ya tashe shi, an ɗauke wuta, ba tocila a kusa, ya nufi bayi a duhu. Idon da ya dogara da shi ba ya ganin komai, ƙafar ba ta jin komai. Idan kuma yana shan maganin hawan jini ko na barci, ya zabura ya miƙe daga kwance, jini bai kai ga kai ba tukuna, sai juwa ta ɗebe shi. Zama na minti ɗaya a bakin gado kafin a miƙe yana rage wannan, in juwar ta ci gaba kuma a gaya wa likita ya duba maganin, kada a daina sha da ka.

Abin da ya fi damuna shi ne namu hannun a ciki, mu 'ya'ya da jikoki. "Zauna Inna, bari in ɗauko miki buta." "Hajiya, ajiye tsintsiyar nan, ina amfanin yara?" "Baba, ka riƙa yin sallar a gida, hanyar ba kyau." Ladabi ne da tausayi, ba na musun haka, tarbiyyar da aka yi mana ke nan. Amma tsohuwar da aka raba da shara, aka raba da zagaya maƙwabta barka da gaisuwar rasuwa, ta wuni a kan katifa abinci na iske ta, an raba ta da motsin da ke riƙe mata cinya da idon sawu. Bayan faɗuwar farko abin ya fi muni. Tsoro ya shige ta, mu ma ya shige mu, sai a ƙara hana ta motsi, ƙafa ta ƙara sanyi, faɗuwa ta biyu ta zo da sauƙi fiye da ta farko.

Da yawa sun ɗauka likitan gashin ƙashi na mai shanyewar ɓarin jiki ne kawai ko wanda aka cire wa filasta. Hana faɗuwa na cikin aikinsa. Akwai gwajin da ake yi mai sauƙi: mutum ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. Wanda ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, ana sa shi cikin masu haɗarin faɗuwa. Daga nan a tsara masa motsa jiki daidai ƙarfinsa, irin su tashi da zama a kujera ba tare da dafawa ba, ɗaga dunduniya yana riƙe da bango, tafiya diddige na bin yatsa a kan layi ɗaya, da tsayuwa kan ƙafa guda wani na gefensa. A Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan an gwada irin wannan tsari a kan mutum fiye da 1,000 'yan shekara 65 zuwa 97, suna yi a gidajensu sau uku a mako, faɗuwa ta ragu da kashi 35 cikin 100, kuma 'yan sama da 80 su suka fi cin moriya. Har wani nau'in jirin da ke taso wa mutum in ya juya a kan gado, wanda 'yan ƙwayoyin da suka goce daga mazauninsu cikin kunne ke haddasawa, ana gyara shi da juya kai a wani tsari da likitan kunne John Epley na Amurka ya fito da shi, sau da yawa a zama ɗaya ko biyu.

Gidan ma a dube shi: bakin tabarmar da ya naɗe, dokin ƙofa mai tsayi, tayil da ruwan alwala ya jiƙa, gansakukar makewayi, silifas da ƙasansa ya cinye. A kafa ƙarfen riƙewa a bangon bayi. Sanda kuwa tsawonta ya tsaya daidai wuyan hannu in mutum na tsaye, a riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafar da ba ta ciwo.

Tsofaffi kan ɓoye faɗuwa don kada a ɗaga hankali, ko don kada a hana su fita. Ka tambayi naka kai tsaye ko ya taɓa faɗuwa a bana. In ya ce e, ko ka ga yana bin bango a tsakar gida, kai shi sashen gashin ƙashi na asibitin da ke kusa da ku. A Kano akwai shi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ran da ya ce zai taka zuwa masallaci kuma, kada ka hana shi, ɗauki tocila ka raka shi.